Yadda ake kai wa iyaye labarin sojan da aka sallama saboda rashin lafiya

Soja ya sauka a tasha da akwati da katifa a naɗe, ba lokacin hutunsa ba, kuma babu kaki a jikinsa. Kafin a kira la'asar unguwa ta gama yanke hukunci. Masu shayi sun ce korarsa aka yi, matan maƙwabta sun ce gudowa ya yi daga Sambisa, wani kuma ya rantse cewa kansa ne ya taɓu. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ta riga ka shiga kunnen mahaifiyarsa, sai ka shafe watanni kana kankarewa, kuma da wuya ta fita tas. Don haka wanda aka ɗora wa kai labarin, wa ne ko ƙane ko kawu ko matar sojan, abu biyu ke gabansa: ya riga jita-jita isa, kuma ya isa da kalmar da ta dace.

Abin da ke tafe ya shafi tsarin sojan Najeriya. A Nijar ko Gana ko Kamaru takardu da ofisoshi daban suke, amma zaman da za a yi da tsohuwa a tsakar gida kusan iri ɗaya ne.

Fara da mai ciwon

Ciwon nasa ne, sirrin ma nasa ne. Kafin ka taka ƙofar kowa, zauna da shi ko ka kira shi lokacin da yake shi kaɗai, ku tsayar da abu uku: wa da wa za a gaya wa, me za a faɗa, me za a bari a rufe. Kada ka ɗauka don kai ɗan'uwansa ne shaƙiƙi kana da izinin faɗin komai. Wanda nakiya ta cire wa ƙafa ba shi da abin ɓoyewa, ido ma zai gani. Amma akwai wanda aka sallama saboda farfaɗiyar da ta biyo bayan rauni a ka, ko ciwon hanta, ko raunin laka da ya taɓa fitsarinsa da mu'amalarsa da iyali, ko ciwon ƙwaƙwalwa. Irin waɗannan, shi ne zai ce ga iyakar da za a tsaya.

Ku yarda a kan jimla guda wadda kowa zai riƙa maimaitawa ba ƙari ba ragi. Misali: "Likitocin soja sun duba shi, sun ce jikinsa ba zai ɗauki aikin ba, an sallame shi da takardunsa da haƙƙinsa." Wannan jimla gaskiya ce, kuma ba ta buɗe sunan ciwo ba. Amfaninta yana fitowa ne bayan mako biyu, lokacin da gwaggo ta ji daga bakinka, ta kuma ji daga bakin matarsa, ta ga babu saɓani. Inda aka fi samun matsala shi ne a ce kai ka ce ciwon baya, matarsa ta ce hawan jini, shi kuma ya ce ritaya ya yi don kansa. Da zarar labari ya rabu uku, dangi za su ƙirƙiro na huɗu, kuma nasu ya fi muni.

Idan yana iya zuwa da ƙafarsa ya faɗa da bakinsa, hakan ya fi, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Kai sai ka zama ɗan rakiya mai cike gurbi idan murya ta sarƙe.

Wuri ɗaya ne sirri ba ya aiki: idan yana maganar kashe kansa ko cutar da wani. Za mu zo kansa.

Karanta takardar da idonka

Kada ka tafi da "an ce". Nemi ganin takardar, ko hotonta a waya, domin barin aikin soja iri-iri ne, kuma a bakin mutanen gari duk sunansu "an cire shi". Akwai wanda ya cika shekarunsa na aiki, akwai wanda ya nemi sallama don kansa aka amince. Akwai kora, wadda hukunci ce da ke biyo bayan shari'a a gaban kwamanda ko kotun soja, kuma yawanci tana sa mutum ya rasa fansho da giratuti. Akwai gudun aiki, wanda laifi ne da ake kama mutum a kansa. Sannan akwai sallama bisa dalilin lafiya, wadda ba hukunci ba ce ko kaɗan.

Hanyarta ita ce: sojan da ya ji rauni ko ya kamu da ciwo ana jinyarsa, sau da yawa a manyan asibitocin soja irin na 44 da ke Kaduna ko na 68 da ke Yaba a Legas. Idan jinya ta yi nisa, sai a gabatar da shi gaban kwamitin likitoci, wanda a bariki za ka ji ana cewa "bod". Kwamitin yana duba fayil, ya duba mutum, ya ba da shawara. Yana iya cewa ya koma bakin aiki, yana iya cewa a rage masa nauyi a ba shi aikin ofis ko sito, yana iya cewa a sallame shi. Shawarar sai ta hau sama an sa hannu kafin ta zama hukunci.

A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Soja ya kira gida ranar da ya fito daga gaban kwamiti ya ce "shi ke nan, sun gama da ni", ƙaninsa ya garzaya ya sanar da kowa, bayan wata uku sai ga shi an mai da shi aiki mai sauƙi. Ko akasin haka, a ce wa iyaye hutun jinya ne kawai, alhali takardar sallama ta riga ta fito. Ka tambaya ƙarara: shawara ce ko an sa hannu? Idan ba a sa ba, abin da za ka faɗa shi ne ana kan dubawa.

Idan ta fito, ga abin da za ka nema a cikinta da cikin rahoton likitoci: dalilin sallama kamar yadda aka rubuta shi, ranar da ta fara aiki, adadin shekarun da aka lissafa masa, ko an rubuta cewa ciwon a sanadin aiki ya same shi, da kason nakasa da aka yanka masa cikin ɗari. Biyun ƙarshen nan su ne ke juya lissafin kuɗi. Ka yi fotokwafi 3 na kowace takarda, a ajiye a gidaje daban-daban, a kuma ɗauki hotonsu a waya. Ainihin takardar sallama kada ta kwana a hannun kowa sai mai ita.

Wa zai je, yaushe, kuma ta wace ƙofa

Matarsa ce farkon sani, idan ba ta riga ta sani ba. Idan su biyu ne, a rana ɗaya za a gaya musu, domin wadda ta ji daga bakin kishiya ba za ta manta ba. Daga nan sai iyaye. A gidajen da uba ke raye kuma yana da ƙarfin zuciya, a fara da shi, shi zai ce yadda za a shiga wajen uwar. Surukai kuwa, babba ake turawa, kuma kada a bari ya wuce kwana biyu ko uku, tun kafin su ji a wajen biki.

Mai kai labari ya kasance wanda tsohon ko tsohuwar ke jin maganarsa, ba lallai wanda ya fi kowa boko ba. Idan kai ne ka fahimci takarda amma kai ne autan gida, ɗauki baffa ko yayar mahaifiyar, ka yi masa bayani a hanya, shi ya buɗe magana, kai ka amsa tambayoyi. Mutum biyu sun isa.

Kada a wuce biyu, kuma ga dalili. Tun da rikicin arewa maso gabas ya ɓarke a 2009, duk uwar da ɗanta ke soja ta san ma'anar a ga manya uku ko huɗu sun yi sallama da hantsi fuska ba walwala. Kafin ku gama cire takalma ta riga ta binne shi a zuciyarta. Saboda wannan dalilin ne kuma akwai kalmomin da ba a buɗe baki da su: "sai dai haƙuri", "ƙaddara ta riga fata", ko doguwar nasiha a kan jarrabawa. Da waɗannan ake kai labarin mutuwa. Mai hawan jini tana iya faɗuwa kafin ka kai ga cewa yana raye.

Lokaci mafi kyau shi ne bayan karin kumallo ko bayan la'asar. Dare ba ya yi, domin za ka tafi ka bar ta da tunani har asuba. Idan tana shan maganin hawan jini, ka tabbatar ta sha na ranar. Idan mai ciwon suga ce, ta ci abinci. A kori yara da dabara, a zauna a ɗaki, a bar tsakar gida inda katanga ke da kunne. Waya ba ta dace da wannan magana ba sai dole. Idan nisa ya tilasta, ka fara kiran wani babba da ke kusa da ita ya zo ya zauna, sannan ka kira. Zauren dangi na WhatsApp kuwa shi ne wuri na ƙarshe da labarin zai shiga, in ma zai shiga.

Yadda zaman yake tafiya

A gaisa kamar kullum, amma kada a ja gaisuwar fiye da kima. Da an gama, jimlar farko ta kashe tsoron mutuwa. Ga yadda ƙane zai iya yi da mahaifiyarsu:

"Inna, Yaya yana gaishe ku. Yanzun nan muka gama waya da shi, yana Kaduna, ya ci abinci, yana nan da ransa."

"To madalla. Lafiya dai?"

"Lafiya lau, sai dai akwai maganar aikinsa da ya ce in zo in sanar da ku da baki. Kun san ciwon ƙafar nan da ya kwanta da shi."

"Na sani."

"Likitocin soja sun zauna a kansa. Sun ce ƙafar ba za ta ɗauki gudu da kaya ba kuma. Shi ne suka sallame shi, zai dawo gida. Ba laifi ya yi ba, Inna, ba kuma korarsa aka yi ba. Da takardarsa, da haƙƙinsa."

Daga nan ka yi shiru. Wannan shirun shi ne abin da ya fi wuya, kuma shi ne mafi amfani. Mai kai labari yakan ji tsoron shiru, sai ya cika shi da zancen fansho da kason nakasa da sunan asibiti, alhali ba abin da ke shiga. Ka ƙirga numfashi goma a zuciyarka. Ta yi salati, ta yi kuka, ko ta ɗauki tsintsiya ta fara sharar inda babu datti, duk daidai ne.

Idan sojan ɗan fari ne, kada ka yi tsammanin za ta ambaci sunansa ko ta zuba tambayoyi. Alkunya za ta sa ta ce "Allah ya sa hakan ne mafi alheri" ta kau da kai, kuma wannan ba ya nufin ba ta damu ba. Tambayoyinta za su biyo ta bakin ƙanwarta ko aminiyarta bayan kwana ɗaya ko biyu. Don haka ka san wace ce wannan matar, ka ba ta jimlar da kuka yarda a kai.

Kafin ka tashi, ka kira shi ta ji muryarsa, ko minti biyu ne. Ku shirya da shi tun farko ya riƙe waya a hannu. Babu bayanin da ya kai "Inna, ina wuni" daga bakinsa.

Tambayoyi huɗu da ba sa kuskure zuwa

"Wani abu ya yi?" Ka amsa da a'a guda ɗaya mai ƙarfi, sannan ka nuna takarda idan akwai mai karatu. Uba musamman yakan so ya gani. Idan shi ma tsohon ma'aikaci ne, ka bar shi ya karanta da kansa ba tare da ka katse shi ba.

"Zai warke?" Faɗi abin da likita ya faɗa, kada ka ƙara gishiri. Ƙafar da aka yanke ba ta tsirowa, amma ana tafiya da ƙafar roba, kuma ba a auna ta sai dungun ya warke ya daina kumbura, abin da ke ɗaukar makonni ko watanni. Asibitin ƙashi na Dala a Kano yana cikin wuraren da ake wannan aiki. Jin da ƙarar igwa ta kashe yawanci ba ya dawowa, sai dai na'urar kunne ta taimaka. Idan ka ce "wata biyu ya miƙe" don ka kwantar da hankali, ranar da wata biyu ta cika kai ne maƙaryaci, kuma ba za a sake yarda da kai a kan sauran ba.

"Zai koma?" Idan an sa hannu, amsar a'a ce. Kada ka bar ƙofa a buɗe, domin dangi za su fara neman wani babban hafsa da zai "sa baki", a kashe kuɗin mota da na gaisuwa a banza. Idan sojan da kansa yana ganin an zalunce shi, a lissafin shekaru ko a kason nakasa, Dokar Rundunonin Soja ta ba shi hanyar koke a rubuce ta hannun kwamandansa. Ya yi shi da wuri, kuma idan zai kai kotu ya ga lauya nan da nan, domin akwai dokar da ke ƙayyade wata 3 ga wasu ƙararraki a kan jami'an gwamnati.

"To da me za su ci?" Wannan ita ce tambayar da ke ƙarƙashin sauran, ko da ba a furta ta ba, musamman idan albashinsa ne ke sayen buhun masara da biyan kuɗin makarantar ƙanne. Ka faɗi gaskiya: albashi zai tsaya, kuma tsakanin tsayawarsa da fara biyan haƙƙi akwai rata, domin aikin takarda yana cin lokaci. Gida ya shirya kamar zai riƙe kansa wata 6. In kuɗin sun riga haka zuwa, riba ce.

Ga abin da ya kamata ka sani kafin ka buɗe baki a kan kuɗi. Tun 2011 aka fitar da sojoji daga tsarin fansho na adashi da sauran ma'aikata ke ciki. Nasu yana hannun Hukumar Fanshon Soja da ke Dutse Alhaji a Abuja, don haka shawarar kawun da ya yi ritaya daga ma'aikatar gwamnati ba lallai ta yi aiki a nan ba. Ma'aunin da aka saba shi ne shekara 5 na aiki don giratuti, shekara 10 don fansho, sannan wanda ya nakasa a sanadin aiki yana da lissafi na daban gwargwadon kason da likitoci suka rubuta. Za a buƙaci lambarsa ta aiki, asusun banki da sunansa, BVN da NIN, kuma sunan da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a ko'ina. Saɓanin harafi ɗaya ko biyu, Muhammad a nan Mohammed a can, yana iya riƙe fayil. Ana kuma tantance 'yan fansho lokaci zuwa lokaci, wanda ya tsallake sai a dakatar da nasa.

Jinya bayan sallama tana bi ta DHML, kamfanin inshorar lafiya na sojoji, kuma sai ya yi rajista a matsayin tsohon soja ya zaɓi asibiti kusa da inda zai zauna. Tsarin inshorar ma'aikata da aka saba yana ɗaukar mutum da mata ɗaya da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18. Mai mata biyu ya tambayi yadda za a yi da sauran tun kafin wani ya kwanta.

Abin da ba za ka taɓa yi ba shi ne ambaton adadi. Da ka ce "ai miliyoyi za a ba shi", ka haɗa masa layi: mai neman jari, mai aurar da 'ya, mai rufin ɗaki. Ka ce akwai haƙƙi, ba a gama lissafi ba, kuma kuɗin jinya ne da na kama sana'a.

Idan raunin ba ya ganuwa

Wannan shi ne zaman da ya fi kowane wuya. Mutum ya dawo da hannu biyu da ƙafa biyu, har da ƙiba, an ce ba shi da lafiya. Uba zai dube shi ya ce ragwanci ne. Uwa za ta ce jifa ne ko iska. Kishiyar uwa za ta ce ƙwaya ce. Kuma kalmar "mahaukaci" idan ta manne, tana bin mutum har wajen neman auren 'ya'yansa.

Kada ka fara da sunan ciwon. PTSD, sunan da likitoci ke kiran firgicin da ke bin wanda ya ga tashin hankali, ba ta da ma'ana a kunnen tsohuwa, "taɓin hankali" kuma yana kawo mata hoton mai yawo a bola. Fara da abin da za ta gani da idonta. Ka ce mata: ba ya samun barci, in ya samu sai mafarkin abin da ya gani a daji ya tashe shi cikin gumi. Ƙarar ƙofa ko fashewar taya tana sa shi zabura. Ba ya son taro, ba ya son zama ya ba ƙofa baya. Yana saurin fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba, daga baya ya yi nadama. Sannan ka ba ta misalin da ta sani: wanda ya taɓa tsira daga haɗarin mota, ya daɗe gabansa na faɗuwa duk lokacin da direba ya taka birki. Ka ce to shi wannan ya shekara yana ganin abin da ya fi haɗarin mota, jikinsa ya saba da zaman ko-ta-kwana, har yanzu bai yarda an dawo gida ba. Likitoci suna kiransa ciwo ne idan alamun sun wuce wata guda suna hana mutum harkokinsa, kuma yana da magani.

Za a kawo maganar ruƙiyya da rubutu da hayaƙi. Kada ka yi gardama a kan addu'a, ba za ka ci ba, kuma babu dalilin yi. Ka ce a yi addu'a, a yi sadaka, a kuma ci gaba da asibiti, ɗaya ba ya korar ɗaya. Layin da za ka ja guda biyu ne. Na farko, babu mai cewa ya ajiye maganin likita. Magungunan damuwa sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ga aikinsu, kuma yanke su farat ɗaya yana dawo da ciwon, wani lokaci da jiri da rashin barci fiye da na da. Na farfaɗiya kuwa, tsallake shi yana iya jawo faɗuwa a kan babur ko kusa da wuta. Na biyu, babu ɗauri, babu mari, babu duka da sunan fitar da aljani. Mutumin da ya ga an kama abokansa a daji, ka sa masa sarƙa, ka mai da shi can ne.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen. Idan sunan wurin ne ke tsorata dangi, a fara da sashen da ke cikin babban asibiti, inda mai ganinku a bakin ƙofa ba zai san wajen wane likita kuka zo ba.

Ka gaya wa mutum ɗaya mai hankali a gidan alamun da ba a jira da su. Idan ya fara cewa gara ya mutu ko ya zame wa kowa kaya, idan ya fara rabar da kayansa, ko ya bi mutane yana neman yafiya ba dalili, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta shuka tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da fiya-fiya da tarin ƙwayoyi da duk wani makami, a kai shi asibiti a ranar. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112. A kuma sa ido a kan Tramadol da makamantansa, domin wanda ya fara sha don ciwon rauni ko don ya samu barci yana iya zarcewa ba tare da ya lura ba.

Ka bar musu aiki a hannu

Dattijon da aka gaya wa labari aka bar shi hannu rabbana zai nemo wa kansa abin yi, kuma ba lallai ya zama mai amfani ba. Don haka kafin ka tashi ka roƙi abu takamaimai. Uba ya riƙe ƙofa: 'yan sannu da zuwa su zo bayan kwana uku, kaɗan-kaɗan, kuma babu mai tambayar mutum nawa ya kashe ko yadda abokinsa ya mutu. Uwa ta riƙe lokacin magani da abinci. Wani ƙane ya riƙe ranakun asibiti da fayil. A gargaɗi yara kada su yi masa wasan ɓuya su zaburar da shi, kada kuma a tashe shi daga barci da taɓawa, a kira sunansa daga bakin ƙofa. Idan garin ana hawan salla da bindigogin gargajiya, ko yara na fasa abin wasa mai ƙara, a sanar da shi tun da wuri ya zaɓi inda zai wuni.

A tuna da matarsa. Ita ma ta rasa gidan bariki, da maƙwabta, da ɗan cinikin da take yi a kasuwar mami ta bariki, da makarantar yara. Za a ba su wa'adin tashi, don haka maganar inda za su sauka a yanke ta a wannan makon. Idan har yanzu suna bariki, magajiya, wato shugabar matan sojoji ta wurin, takan san wanda ake gani a kan kaya da takardun canjin makaranta. Kuma ka toshe tun yanzu zancen da ke tasowa a wasu gidaje, cewa ƙafar matar ce ba ta da kyau ko ita ta yi masa wani abu. Ka faɗa a gaban surukarta cewa ita ce ta yi jinyarsa a asibiti, idan haka ne.

Katin cirar kuɗinsa da lambar sirri su zauna a hannunsa. Kasancewar sunan wani a takarda a matsayin makusanci ba ya ba shi ikon karɓar kuɗin mutumin da ke raye. Duk wanda ya kira ya ce daga Abuja yake, a turo wani abu a fito da fayil, ko a karanto masa lambar da ta shigo waya, ɗan damfara ne. Kakin da kayan aiki kuwa a mayar kamar yadda aka umarta, kada ƙane ya ɗauki riga ko hula ya sa don ya wuce shingen bincike, laifi ne da ake kamawa a kai.

Idan zaman ya ɓaci

Wani uban zai tashi ya shige ɗaki, ko ya ce "ni ban haifi rago ba". Kada ka bi shi da hujja a ranar. Sau da yawa abin da ke cinsa shi ne yadda zai fuskanci majalisa, shi da ya saba cewa ɗansa na Maiduguri yana kare ƙasa. Ka ba shi kwana biyu, sannan ka dawo da wanda yake jin kunya, limamin unguwa ko wani tsohon soja sa'ansa. Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion tana da rassa a jihohi, kuma dattijon da ya taɓa sa kaki ya ce masa "wannan sallama ta mutunci ce" ya fi takarda goma.

Ko zaman ya yi kyau, ka koma bayan kwana uku. Rabin abin da ka faɗa bai zauna ba, kuma a tsakani wani ya zo ya faɗi nasa. Kada ka tambaya "kun gane?", domin za a ce maka e. Ka ce: "Inna, in Gwaggo ta tambaye ku abin da ya dawo da shi, me za ku ce mata?" Abin da ta amsa shi ne labarin da zai zaga dangi. Idan kalmar "kora" ta fito, ka gyara ta a nan take, cikin ladabi, ka sake maimaita mata jimlar nan guda har ta kama.